Awon Yatsan Inna Tabawa

A Unguwar Ɗinya, katanga ɗaya ce tsakanina da gidan Inna Tabawa mai ƙuli-ƙuli. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata 'ya'ya biyu da zoben azurfa guda wanda ba ta taɓa cirewa ba. Babbar, Sahura, ma'aikaciyar jinya ce a birni. Autan kuwa shi ne Ɗantala, ƙato mai gemu, wanda abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. An taɓa ce masa ya tsare akuya kada ta ci gyaɗar da aka shanya. Ya rungume akuyar gam, tumaki suka cinye gyaɗar yana kallo.

A shekarar da nake ba ku labari, ciwo ya kama Inna Tabawa. In ta yi taku goma sai ta tsaya tana haki. Mace ce mai taurin kai, ta tsani asibiti tun da aka kai mijinta bai dawo ba. Mu maƙwabta ta ce mana sanyi ne, ta zura hannuwanta cikin mayafi, mu kuma muka yarda, don tsoron bakinta muke yi.

Wata rana ta zaunar da Ɗantala ta ce, "Auta, in yayarka ta bugo waya, ka ce lafiyata ƙalau. Kada bakinka ya furta mata komai, ko ita ko wani." Da yamma Sahura ta kira, ta ce, "Ya jikin Inna?" Ya ce, "Ta ce in ce miki lafiyarta ƙalau." Sahura ta yi dariya, don ta saba da irin maganarsa. Ta ce, "To madalla." Shi ke nan ta wuce zuwa abin da ya sa ta kira.

Zobe take so ta yi wa Inna kyauta. Ta ce a birni yanzu kowane wata yana da dutsensa, sai a ɗora wa mutum na watan haihuwarsa. Ta ce, "Ka je wurin wanda ya ga haihuwarta ka tambayo mini watan. Amma kada Inna ta sani."

Wata rana Ɗantala ya taka har Tsamiya Biyu wurin Gwaggo Kande, yayar Inna, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga haihuwar. Gwaggo ta ce, "Wane ne ya san wata a zamaninmu? Ranar da aka yi ruwan farko aka haife ta, Baba ya fita shuka ke nan." Ɗantala ya dawo unguwa ya sami gindin ɗinya ya zauna yana kallon sama. Kwana tara yana wannan zama, ga kalandar mai shago a cinyarsa. Da Sahura ta gaji da jira ta bugo, ya ce, "Yaya, ruwan bai zo ba tukuna. In ya zo zan duba miki watan." Ta ce, "Kai, Allah ya shirye ka! Mayu ke nan, dutsensa kore ne. Tashi ka koma gida." A cikin kwanakin nan tara Inna ta daina suya, ta ce wai gyaɗa ce ta yi tsada.

Saura awo. Sahura ta ce, "In Inna ta kishingiɗa, ka zagaya yatsan zobenta da zare, ka yanke daidai. Ka ajiye har Ilu direba ya zo ranar kasuwa, ka ba shi ya kawo mini." Da can Inna Tabawa ba ta san kwanciyar hantsi ba, amma yanzu kullum sai barci ya kwashe ta a kan tabarma. Saboda haka kullum Ɗantala sai ya lallaɓa ya auna, tunda ba a ce masa sau ɗaya ba. Kowane zare ya miƙe shi a kan kwalin ashana babba, ya manne da ƙaro, na yau kusa da na jiya. Ranar kasuwa motar Ilu ta lalace, bai zo ba. Ɗantala ya ci gaba da awonsa.

Wata rana yana cikin zagaya zaren Inna ta buɗe ido. Ta ce, "Me kake yi mini?" Ya ce, "An ce kada ki sani." Ta yunƙura za ta tashi, numfashi ya hana ta. Ta ce, "Ka gaya wa Sahura ke nan?" Ya ce, "Bakina bai furta ba, Inna." Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta maida kai kan tabarma. Zoben azurfar nan ya nutse cikin nama har sai an duba ake ganinsa.

A ranar ne ya zo bakin katangata ya tsaya. Ya kama leɓɓansa da yatsu biyu, hawaye na bin gemunsa. Na ce, "Lafiya, Ɗantala?" Ya ƙara matse leɓɓan. Ina da surfe a gabana, na ce ya tafi ya ba ni wuri da shashancinsa. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Mu da ake ce wa masu hankali, mu ne muka kasa gane mutumin da tsoro ya cika wa ciki.

Wata rana, kasuwa ta sake zagayowa, Ilu ya zo. Ɗantala ya miƙa masa kwali ɗauke da zare goma sha uku. Ilu ya tuntsire da dariya ya ce, "Kai, zobe za a yi ko saƙa? Zaɓi ɗaya mana!" Ni ma ina wurin, na sa baki na ce ya cire ɗaya ya zubar da sauran, kada ya ba yayarsa kunya a birni. Ya ƙanƙame kwalin ya ce, "Ta ce in ba da awo. Duka awo ne." Ilu ya karɓa yana girgiza kai, ya jefa a gaban mota.

Sahura ce ta ba ni ragowar labarin. Ko buɗe ledar da Ilu ya sa kwalin a ciki ba ta yi ba, ta wuce da ita wurin maƙerin azurfa. Dattijon ya shimfiɗa kwalin, ya gyara tabarau, ya ce, "Hajiya, zobe nawa za a yi?" Ta ce, "Ɗaya, na mahaifiyata." Ya ce, "To ai wannan na farko yatsan mace ne. Na ƙarshen nan kuwa ko babban yatsana zai shiga." Ta sunkuya ta duba. Zaren na jere, kowanne ya ɗara wanda aka auna kafin shi tsawo, kamar matakala.

Ta ce nan take ta buga waya. "Ɗantala, yatsa ɗaya ka yi ta aunawa?"

"Ɗaya, Yaya. Kullum da hantsi."

"Ya jikin Inna?"

Ya ce, "Ta ce in ce miki lafiyarta ƙalau."

Wannan karon Sahura ba ta yi dariya ba. Kafin la'asar ta iso da motar haya. Ta yaye mayafin Inna, ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Inna ta fara faɗa, Sahura ta ce, "Ki zage ni a cikin mota, Inna." Likita ya ce ruwa ne ya taru mata saboda zuciya, kuma da an ƙara mako guda, da sai dai wani labarin. Zoben azurfar sai yanke shi aka yi. Inna ba ta yi kukan allura ba, amma ta yi kukan zoben.

Shi maƙerin ya narkar da tsohon zoben, ya sake ƙera shi, ya ɗora masa koren dutse. Da zaren farko ya yi awo, don Sahura ta ce da shi za a yi. Wata biyu zoben yana ɗaure a gefen zanen Inna kafin ya shiga yatsanta.

Ranar da ya shiga ina zaune a tsakar gidansu. Ta juya hannu tana kallon dutsen, sannan ta harari Ɗantala ta ce, "Ban ce kada ka faɗa ba?" Ya ce, "Bakina bai furta ba, Inna."

Har yanzu ba wanda ya ce masa ya daina awo. Kullum da hantsi sai ya zo da zarensa da kwalinsa. Inna Tabawa takan yi tsaki ta ce ya dame ta, sannan ta miƙa masa hannu.