Ranar da Muryata ta Faɗa Gurup ɗin Mata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya shiga taron mata babu sallama.

Ni tsohon direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, a Akokan kusa da Arlit. Lakkol kuwa, wato makarantar boko, ta taga kawai na leƙa ta, don haka a wayar salula hoto nake bi. Inda na ga hoton kamyo, nan ne gurup ɗin fadarmu ta tsofaffin ma'aikata.

Ɗiyata Rakiya ta buɗe wa matan Arlit nasu gurup, suna fafutukar a koya wa 'yan mata ordinatar, wato kwamfuta, da gyaran salula kamar yadda ake koya wa samari. Uwarta Hajiya ta so shiga, ga shi na hana ta riƙe salula (wai ni mai tsaron gida). Sai ta shiga da lambata.

Ashe su ma hoton kamyo suka sa, da mace a sitiyari. Ni dai kamyo na gani. Na gyara murya na danna, na tura saƙon murya: "Jama'a, wai mata za su gyara salula! Rakiya tawa ko shayi ba ta iya haɗawa ba. Ku bar su, za su gaji." Har da dariyata mai ƙarewa da tari.

Washegari a wurin suna, ina giftawa ta rumfar mata, sai na ji tarina yana fitowa daga kowace salula. Tanti Fatima, abokiyar wasana, ta ɗaga murya: "Elhaji, zo ka sake mana dariyar, ba ta fito da kyau ba!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, har da rawanina.

Rakiya ba ta yi dariya ba. A gida ta ce, "Baba, duk uban da ya hana ɗiyarsa zuwa koyon, da kai nake ba shi misali. Ina ce masa nawa uban yana bayana. Yanzu me zan ce?"

Wasu iyayen sun ji muryar, suka janye 'ya'yansu.

Na saya wa Hajiya salula. Na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ina lashe maganata. Wasu yaran sun dawo, wasu har yau. In salulata ta lalace Rakiya ke gyara ta, ta miƙo mini da ladabi, amma hirarmu ta bayan la'asar ba ta koma yadda take ba.

Yanzu in na ga kamyo, kafin in buɗe baki sai na duba wa ke riƙe da sitiyari.