Dusar Ƙanƙarar da Nicanor Ya Ɓoye

"Lafiya lau, tsoho, in ban da ka cinye mana sanyin bana."

Haka Ludmila ta amsa gaisuwar kakanta Nicanor, ko zama ba ta yi ba. Ni maƙwabciyarsu ina gefen murhu da ƙoƙon shayin mate, na ce yau akwai kallo. Hunturun bana a garinmu Ushuaia, can ƙurewar kudancin duniya, abin kunya ne wallahi, ga Agusta ya shigo amma ruwa ake zubawa maimakon dusar ƙanƙara. Gobe ne tseren zamiya a kan ƙanƙara da za a zaɓi matasan da za su babbar gasa a garin Bariloche, har Ludmila na ciki, kuma kwanar rafi da ke kan hanyar tseren ta koma taɓo zalla. In ba a rufe ta da ƙanƙara yau ba, an soke tseren.

"Ni na cinye sanyi? Tun da aka haife ki ƙanƙara ke gudun garin nan. Fuskarki take gani ta narke."

"Na ji. Ina tulin ƙanƙarar da ka binne bayan rumfa, ka lulluɓe da garin katako?"

"Wane tuli? Wane munafukin ya gaya miki?" Ya harare ni. Na duƙufa a kan shayina.

"Kowa ya share ta ƙofar gidansa ya zubar, kai ka tara kamar za a raba gado. Ita muke so mu shimfiɗa a kwanar."

"Ba dai tawa ba! Rabin rago na kwance a ciki. Firjina ke nan."

"Rago? Da waɗanne haƙoran?"

"Ja'ira! Sanda nake jan tsohon gadon ƙarfe a bayan babur ɗin ƙanƙara ina daddale hanyar tseren nan, uwarki ma rarrafe take."

"Ashe shi ya sa ta karkace kamar bayanka."

"To na fasa aurenki. Wa zai kai gida mace mai yawo da sandunan zamiya biyu?"

"Nawa na gudu ne, angon. Naka na tokare kabari ne."

Na ƙware da shayi don dariya. Amma da na ɗago sai na ga idon yarinyar ya kawo ruwa.

"Kaka, da gaske nake. Baɗi shekaruna sun wuce na matasa. Wannan ne na ƙarshe."

Wallahi ta ba ni tausayi. Tsohon ya sosa gemu, can ya miƙe da ƙyar ya jawo shebur daga bayan ƙofa.

"Kira 'yan iskan abokan naki su zo da baro. Ke kuma Eulalia, tunda bakinki ya jawo, hura gawayi, ragon nan ba zai kwana ba."

Ludmila ta yi tsalle ta rungume shi. Ya ture ta yana ƙyalƙyala dariya.

"Sake ni, aro na ba ki! Kika kuskura kika zo ta biyu, da cokali za ki dawo min da abata."