Nomau Ya Ɗaga Tanki

A ƙauyen Tungar Maƙera an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mahaukaci ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Yana sallarsa, yana nomansa, bai taɓa zagin kowa ba. Abu ɗaya ne da shi: duk abin da ka faɗa masa, haka zai yi shi tiryan-tiryan, ga shi kuma da son sanin yadda komai yake aiki. Su uku ne a gidan: shi, da mahaifiyarsa Inna Gambo, da matarsa Hansai mai tsohon ciki. Cikinta na fari ya zo da gardama, kafin a samu abin da zai kai ta asibitin cikin gari, ɗan ya koma. Saboda haka a wannan karon yayanta Haladu, bakanike ne a cikin gari, ya kawo musu wani tsohon babur mai ƙafa uku, irin mai akori a baya na ɗaukar kaya. Ya ce, "Nomau, wannan ba na yawo ba ne. Ranar da naƙuda ta tashi, shi zai kai ta asibiti. In ka lalata shi, babu wani." Nomau ya ce ya ji, kuma da gaske ya ji, don har gobe yana tuna ɗan ƙaramin ramin da ya haƙa da hannunsa.

Wata rana Haladu ya leƙo, ya tarar da babur a tsakiyar fili, rana tana dukansa. Ya ce, "Kada ka ƙara barin rana ta taɓa shi." Washegari tun hantsi Nomau ya tura shi gindin darbejiya. Can an jima sai ya ga inuwa ta matsa, ya tura ya bi ta. Ta sake matsawa, ya sake turawa. Haka ya wuni yana zagaya bishiya, ko gona bai leƙa ba, har ciyawa ta fara cin gero. Da Inna Gambo ta fito ta gan shi ya jiƙe sharkaf da gumi, ta ce, "Kai kuma lafiya?" Ya ce, "Inna, ashe inuwa ma tafiya take yi. Ko ina za ta, oho." Tsohuwa ta ɗauko tsohuwar tabarma ta rufa wa babur, ta kora shi gona.

Wata rana kuma Haladu ya aiko da saƙo, ya ce Nomau ya riƙa duba mai kowace safiya. Nomau ya buɗe tanki ya leƙa, duhu ne kawai. To, yaya za ka ce ka duba abin da ba ka gani ba? Sai ya cire tiyo, ya ɗauko tukunyar miyar Hansai, ya tsiyaye fetur ɗin kakaf a ciki, ya tsuguna yana kallonsa ta nan, ta can, har da shinshinawa. Da ya gamsu, ya mayar da shi. Kwana da kwanaki miyar gidan tana warin fetur, Hansai da ci sai amai. Ranar da ta kama shi da tukunya a hannu, ta ce, "Malam, kashe ni za ka yi kafin ranar ta zo?" Maganar ta buge shi ƙwarai, ya zauna ya yi tagumi har azahar. Daga baya ya ce mata, "Amma dai na duba, yana nan lafiya lau."

Wata rana Inna Gambo ta ce, "Ba ka taɓa kai abin nan gari da kaya a ciki ba. Ka gwada shi da nauyi irin na Hansai, ka yi tuƙin kamar ita ce a ciki." Nomau ya zagaya ƙauyen yana ɗaga dabbobin mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya samu ragon liman ya yi daidai. Ya shimfiɗa masa tabarma a akori, ya sa masa matashi, ya rufa masa zane. Ya kama hanya a hankali, jakuna suna wuce shi, in ya faɗa rami sai ya waiwaya ya ce, "Sannu, yi haƙuri." Sai da suka iso tudun nan mai tsayi da ke gab da gari, babur ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu. Ya buga, ya buga, shiru. Rago ya dira da zane a wuya ya nufi gida, Nomau kuwa ya tsaya a tsakiyar hanya, tsoro ya kama shi, don ya san da Hansai ce, da nan za su tsaya.

Ya turo babur har garejin Haladu, ya tsuguna yana tambaya. "Yaya Haladu, me ya sa yake tafiya a kwance amma ya ƙi hawa?" Haladu ya nuna masa: tankin asali ya huje tun da daɗewa, wanda aka sa a madadinsa kuma an ɗaure shi can ƙasa ta baya. Ya ce, "Shi mai gangara yake bi, ba ya hawa. In kuka kama tudu, gaba ya ɗaga, baya ya yi ƙasa, sai man ya kasa isa inji. Dole a ɗaga tankin sama, gwargwadon tsayinsa gwargwadon yadda mai zai sauko. Ka je, ranar kasuwa zan zo mu yi." Nomau ya tafi yana maimaitawa a hanya, "Gwargwadon tsayinsa, gwargwadon tsayinsa."

Wata rana, tun kafin kasuwar ta zagayo, mutanen Tungar Maƙera suka wayi gari suka ga abin mamaki. Nomau ya samo gora mai kauri wadda ta fi raƙumi tsayi, ya kafa ta a kusurwar akori, ya ɗaure ta tamau da waya da igiyar rijiya, ya maƙala tanki can a ƙololuwa, ya jona masa dogon tiyo na ban-ruwa. Ya kuma bubbuga ƙusoshi a jikin gorar don ya riƙa takawa in zai zuba mai. Gari ya taru ana dariya, wani ya ce ai saura ya sa masa lasifika a riƙa kiran salla. Da labari ya kai wa Haladu, ya hau babur ɗinsa ya zo, ya ɗaga kai ya kalli tanki har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Taƙi ɗaya ya isa, Nomau, taƙi ɗaya. Wannan ai in iska ta kaɗa sai ku kife. Ka sauke shi yau ɗin nan, kafin la'asar."

Nomau ya taka ƙusa ta farko ke nan zai hau, sai ga Inna Gambo ta fito ba mayafi, ta ce Hansai ce, kuma jini ya ɓalle. Aka kira Malama Ladi, ma'aikaciyar lafiyar da ke zaune a ƙauyen. Ta duba ta, ta ɗaura mata ƙarin ruwa nan take, ta ce wannan ya fi ƙarfinta, sai asibiti. Aka kwantar da Hansai a akori. Malama Ladi ta ce, "Ledar ruwan nan dole ta zauna sama har mu isa. In ta sauko, ruwan ba zai shiga ba." Inna Gambo ta ɗaga, amma nan da nan hannunta ya gaji. Haladu ya gwada tsayuwa a akori, amma kowa ya san ramukan hanyar, ba mai iya tsayuwa da hannu ɗaya. Nomau, hawaye na zubo masa, bai fasa tambaya ba. "Malama, shi ma gangara yake bi?" Ta ce, "Ƙwarai." Ta bi idonsa da kallo, ta ga gora, ta ga ƙusoshi. Ta miƙa hannu ta rataye ledar a ƙusar da ta fi kanta tsayi, ta ce, "Mu tafi."

Nomau ya yi tuƙin kamar yadda ya yi wa rago, yana kauce wa ramuka, yana cewa sannu, sai dai yau ana amsa masa a hankali. Haladu yana biye da su a baya, idonsa a kan gora tana lilo. Da suka iso tudun, Nomau ya riƙe numfashi. Babur ya haye ko tari bai yi ba, ruwa kuma yana ɗiga ɗis-ɗis har ƙofar asibiti.

La'asar sakaliya aka fito aka ce an samu 'ya mace, uwa ma ta farfaɗo. Haladu ya juya baya yana share ido da hula. Da ya waiwayo bai ga Nomau ba, sai can ya hango shi a waje, ya taka ƙusoshi ya kai rabin gora. Ya ce, "Kai, me kake yi a nan?" Nomau ya ce, "Ka ce a sauke kafin la'asar, ga shi har ta wuce." Haladu ya ce, "Sauko. Bar shi." Nomau ya ce, "Har yaushe?" Ya ce, "Har sai na ce maka."

Bai taɓa cewa ba. Yarinyar yanzu har ta fara zuwa makaranta, gora tana nan a tsaye, kuma duk matar da naƙuda ta zo wa da gardama a Tungar Maƙera, ƙofar gidan Nomau ake bugawa.