Yadda Na Dafa Batiran Jirgin Yayan Matata

Ba zan taɓa mantawa da washegarin wata ƙaramar Sallah ba, ranar da na tsaya a bakin tafkin Jabi cikin sabuwar shadda, ina rantse-rantse a kan abin da ban sani ba.

Ni mai cajin batir ne. Shekarata goma sha huɗu a bakin titin Tungan Maje, har direbobin tirela sun san shagona. Mu a wurinmu ba a tambayar na'ura ko batir ya cika. Ka buɗe murafu, ka ƙara ruwa, ka maƙala waya, sannan ka kara kunne. In ka ji yana ɓul-ɓul kamar tukunyar ɗanwake, to ya tafasa, ya ɗauka ke nan. Haka ogana ya koya mini, kuma (Allah ya yafe mini) ina ji da wannan kunnen nawa ba kaɗan ba.

Yayan matata Ladi, wato Yaya Danlami, yana da ƙaramin jirgin ruwa mai injin lantarki, yana zaga tafkin da masu shan iska. Mutum ne mai tsadar magana, kuma tun da na auri ƙanwarsa bai taɓa neman shawarata ba ko a kan sayen allura. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba. Kwatsam, ana saura kwana uku Sallah, sai ya kira ni da kansa. Wai tsofaffin batiransa suna watsa ruwan asid in jirgi ya yi tangal-tangal, har sun ƙona wa wata hajiya leshi. Don haka ya ba da su, ya karɓo rufaffu guda biyu, irin waɗanda ba su da murfin zuba ruwa.

"Kai ne masanin abin," ya ce. "Ka cika mini su ka kawo washegarin Sallah, lokacin ne kasuwata."

Jama'a, kaina ya yi gingirin! Na je tafkin na tarar da Bulus kafinta, wani dattijo ɗan Bwari, ya ƙera musu akwatin katako a cikin jirgin. A gabana ya saka su ciki suka zauna cif, ya ciro su ya miƙo mini. Yaya Danlami ya haɗo mini da wata 'yar caja da ba ta fi sabulun wanki ba, da takarda a kwali. Ya ce mai sayarwa ya ja kunne da 'yar cajar kaɗai za a yi caji.

"Yaya, wannan ai ta wayar hannu ce," na ce, ina dariyar manya.

Cajata ta shago daga injin walda aka ƙera ta. In ta tashi, har kwanon rufi amsawa yake. Da safe na jona su da ita, na kara kunne. Shiru. Na ƙara wuta. Shiru. Raina ya soma ɓaci, batir ya raina ni a gaban direbobi? Na murɗa ta har ƙarshe, na tafi masallaci. Da na dawo bayan azahar sai na ji wani ɗan tsiii yana fita, jikinsu ya yi zafi rau, gefensu ya ɗan turo. Wani direba ya tambaye ni ko lafiya. Buɗar bakina sai na ce, "Batir kamar jariri yake, in ya ƙoshi ciki ke nunawa." Har kai ya gyaɗa mini, bawan Allah.

Washegarin Sallah na kai su. Bakin tafki ya cika maƙil, iyalai sun yi layi da kayan ado, Ladi ma ta zo kallon bajintar mijinta. Na ɗauki batir na nufi akwati. Ya ƙi shiga. Na juya shi, ya ƙi. Na danna da gwiwa, katako ya yi ƙara. To maimakon in yi shiru, sai Shaiɗan ya ba ni lasifika.

"Wannan kafintan ya cuce ka, Yaya! Ya matse akwatin don ya ci katako. Wallahi aikin banza ne!"

Ashe Bulus yana bayana. Ya ciro tef ɗin awo daga aljihu, ya auna akwatin, ya nuna wa Yaya Danlami lambar da ya rubuta da fensir a jikin katakon tun ranar farko. Daidai. Sannan ya zagaya tef ɗin a ƙugun batirin, ya ɗago ya dube ni.

"Oga, akwati yana nan yadda na bar shi. Wannan naka ne ya yi ciki. Wata nawa?"

Wayyo Allah! Layin nan ya kwashe da dariya, har da hajiyoyi masu rufe baki da gyale. Na so ƙasa ta tsage. Kamar hakan bai isa ba, Ladi (malamar firamare ce, ba ta ganin takarda ta ƙyale) ta zaro takardar nan ta cikin kwalin, ta shiga karantawa tana fassarawa da muryar aji. Wai rufaffen batir ba a barin shi ya tafasa ko kaɗan. Wai wutar cajinsa kada ta wuce volt sha huɗu da 'yan kai, shi ya sa 'yar cajar take rage kanta da kanta in ya kusa cika. Wai tsiiin da na ji na yi murna, ruwan cikinsa ne ke ficewa, kuma babu ƙofar mayar da shi.

Muka jona su a waje don gwaji. Farfelar jirgin ta juya sau 'yan kaɗan, ta tsaya.

Na jira Yaya Danlami ya zage ni, da ma ya fi mini sauƙi. Sai ya matso ya ce a hankali, "Batir ana samun wani. Je ka ba Bulus haƙuri, da irin muryar da ka zarge shi."

Na cire hula na yi, kowa yana ji. Bulus ya ce ba komai, har ya aro mana filafilin tuƙi biyu daga masunta. Ni da shi muka wuni muna tuƙa baƙi da hannu, ni cikin shadda, gumi har takalmi. Wata mata ma ta yaba, wai jirgin gargajiya ya fi daɗi.

Da la'asar, hannuwana sun yi bororo, Yaya Danlami ya ɗora mini 'yar cajar nan a tafi.

"In na kawo wasu, kai za ka cika su," ya ce. "Amma Ladi za ta fara karanta maka takardar."

Ban san sanda ƙwalla ta zo mini ba, na ce gumi ne. Tun daga ranar, in aka kawo mini abin da ban sani ba, nakan ce ban sani ba tun muna mu biyu, don na ga yadda faɗinsa yake da ciwo a gaban layin jama'a.