Gyaɗar Iya Sikira

Iya Sikira ba ta wuce aji uku a makaranta ba, alƙalami kuwa tsoro yake ba ta. Shi ya sa marigayi mijinta Baba Raufu, wanda ya shekara arba'in yana ɗaukar wa manya jakar sanduna a filin golf na Ibadan, ya zauna wata rana ya ɗinka mata 'yar jaka mai aljihu uku da hannunsa. Ran Litinin, ranar da ake barin masu ɗaukar jaka su buga nasu wasan, sai ta bi shi a baya tana lissafi da ƙwaya. Bugun farko ya sauka a tsakiyar fili, masara ɗaya. Ƙwallo ta isa dandalin rami a kan kari, wake ɗaya. Duk ɗan turin da aka yi wa ƙwallo zuwa rami, gyaɗa ɗaya.

Yau Litinin jikanta Mukaila ta bi, rami goma sha takwas cif, don ran Asabar zai shiga gasar zama ƙwararre. Bayan la'asar ya shigo ya zube rub da ciki a gabanta.

"Sannu da gajiya, amaryata. Ƙafar ba ta cire ba?"

"Tashi, angon banza. Ƙafa lafiya lau, ido ne ya ga abin kunya. Bugu har tamanin da ɗaya! Kakanka da zazzaɓi ma bai buga haka ba."

"Ai sanda ce, Iya. Ta tsufa kamar ke. Akwai wani Alhaji mai tara kayan da, ya ce in kawo masa 'yar sandar turi ta Baba da ke ƙarƙashin gadonki, ya ba ni sabuwar doguwa fil. In na maka wa ƙwallo sai an tsinto ta a Oyo."

Wannan sanda ita kaɗai ta rage mai shatin yatsun Raufu a jikinta.

"A Oyo aka haƙa ramin? Miƙo min tire."

Ta zazzage aljihun farko. "Ƙirga, mai boko."

"Masara sha ɗaya."

"Cikin dogayen ramuka sha huɗu. Doguwar sandar da kake zagi ke nan, baiwar Allah. Laifin tuwo ake dukan miya? Wake fa?"

"Sha biyu. Kin gani? Mijin naki zaki ne!"

"Zaki a dawa, kyanwa a bakin rami." Ta juye aljihu na uku, gyaɗa ta watsu har ƙasa.

Mukaila ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. "Talatin da bakwai? Sharri ne! Tsohuwar nan kin ƙara da ta miyarki."

"Ni da gyaɗa ta yi wa tsada? Ƙari dai! Ragewa na yi."

"Ragewa?"

"A rami na tara, da ka tura sau huɗu, na ga yaran nan suna dariya, sai na jefa biyu a baki don in rufa wa maigidana asiri. Talatin da tara ne. Allah Ya yafe mini, yau na ci ƙarya da ɓawonta."

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Da wane haƙorin kika tauna?"

"Da wanda zan cije ka. Saurara. Nawa suke so ran Asabar?"

"Saba'in da huɗu."

"To cire gyaɗa takwas ka gani. Masara ba ta yi maka komai ba, wake ma haka. Kai ne kake ɗaga kai tun ƙwallo ba ta bar sanda ba, kana duba ko 'yar mai sayar da lemo tana kallo."

"Kishi ne ke damunki."

"Kishin me? Ta zo ta kwashe ka, in huta da tuƙa amala kwano uku."

Mukaila ya juya gyaɗa ɗaya a tafin hannu. Can ya ce, "Baba nawa yake yi?"

"Bai taɓa wuce talatin ba. Sai ya ji ƙarar faɗawarta a rami kafin ya ɗago."

Ta tashi da ƙyar, ta jawo sandar daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon zane. Ta miƙa masa, amma ba ta saki ba.

"Alhajin naka fa?"

"Ya tara wani abin. Kin ci ni, amarya. Gobe da asuba ina dandali, ni da wannan."

Sai ta saki. Yana bakin ƙofa ya waiwayo. "Ran Asabar za ki zo? Ki cinye kamar goma, don Allah."

"Ko ɗaya ba zan ƙara ci ba."

Ta durƙusa tana tsince gyaɗar, tana mayarwa aljihu na uku. A ciwonsa na ƙarshe Raufu ya damƙa mata jakar nan ya ce, "Sikira, in yaron nan ya ɗauki sanda, masu yabonsa ba za su yi wuya ba. Ke dai ki ƙirga masa."