Ranar da Na Yafe wa Matan Guruf Ɗaya Bayan Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka rufe guruf ɗinmu na waya ba, kuma ko na so in manta, matan Gwandu ba za su bari ba.

Tun da aiki ya ɗauke ni daga Gwandu ya kawo ni Kalgo, guruf ɗin nan ne gidana. A can nake jin wa ta haihu, wa aka kwantar a asibiti, wa ta gano sabon salon dambun kifi. Ina son sa ƙwarai, har maigidana yana cewa da shi aka ɗaura mini aure. To sai baƙi suka cika shi, masu tallan maganin ƙiba da na rama a kwalba guda. Shugabarmu Hajiya Kulu ta ce za ta rufe, ta buɗe sabo ƙarami, kuma ita da Anti Rifkatu, tsohuwar malamarmu, za su zaɓi masu shiga. Ni kuwa na san in aka bar ni a waje na zama baƙuwa a garinmu.

Kun san al'adarmu, ba a rabuwa sai an nemi gafara. Tun safe saƙonni ke shigowa: "A yafe mini, ni ma na yafe wa kowa." Ni kuwa (da shegen son in fi kowa) sai na ga wannan yafiyar ta yi arha. Ya za ka ce ka yafe, wanda ka yafe wa bai ma san abin da ya yi ba? Na gyara murya, na danna saƙon murya, na fara.

Na yafe wa Balkisu ta Dangoma da ta ce ɗinkina na Sallah kamar labulen asibiti. Na yafe wa Anti Rifkatu da ta ɗauki girkina na miyar kuka ta ce na kakarta ne. Na yafe wa wadda ta ci tuwon sunan ɗana har da ƙari, ta koma tana cewa gishiri ya yi yawa, na kuma faɗi sunanta da na wadda ta kawo mini labarin. Ita kanta Hajiya Kulu na yafe mata barcin da ta yi a walimata. Har da 'yar ƙwallata a ƙarshe. Na tura, ina jin kaina fes kamar wadda ta dawo daga Makka.

Guruf ɗin da ko tsakar dare ba ya shiru ya yi tsit. Ina ganin alamar an saurara, babu mai cewa uffan. Ni a zatona kuka ya hana su magana.

Can sai ga muryar Hajiya Kulu, a sanyaye: "Ɗiyata, mun gode da wagga yafiya da kinka yi muna. Tunda haka anka koma yi, 'yan'uwa, kowa ta yafe mata nata."

Jama'a, ashe layi suke jira. Balkisu ta yafe mini hotunan abincina da ke cika mata waya kullum. Wata ta yafe mini haɗin lallen da na koya mata, wanda ya sa ta je biki da hannu kamar gindin tukunya. Anti Rifkatu ta ce, "'Yata, na yafe miki. Miyar dai ta kakata ce, a gidana kika koya." (Wallahi sai a lokacin na tuna.) Har wata baƙuwa mai tallan maganin ƙiba ta ce ita ma ta yafe mini, ban san me na yi mata ba har yau. Na kifa wayar a kan tabarma, kunya kamar in nutse, ita kuwa sai ƙara take yi.

Da la'asar aka rufe guruf. Na zauna jiran gayyata, shiru. Na kasa cin abinci. Sai washegari na ga an saka ni a sabon, na ƙarshe. Dokar farko da Hajiya Kulu ta liƙa a sama ita ce: "Ba a yafiya da suna."

Har gobe in na yi sallama a ciki, sai wata ta ce, "Maraba da Mai Yafiya, mi munka yi yau?" Ni dai na koyi darasi: yafiya sari ake yin ta, a dunƙule. Ranar da ka ce za ka warware ta ɗai-ɗai, ka tabbata naka buhun ya fi na kowa nauyi.