Ranar da Na Goge Shekara Ɗari

A falon maigidana a unguwar Al Aziziya, a ƙasar waje inda nake aikin direba, akwai wani tulun tagulla da Madam ta kawo daga Faransa. An zana masa furanni masu lanƙwasa da wata mace mai dogon gashi, amma duk ya yi kore, ya dafe. Kullum na gan shi sai in tausaya wa masu kuɗi: ga dukiya, ba tsafta.

Da suka yi tafiya, na ce yau zan nuna musu tarbiyyar Kano. Na haɗa tsamiya da toka da soson ƙarfe. Mumuni mai gadi, mutumin Kumasi, ya leƙo ya ce, "Ɗan'uwa, wa ya sa ka?"

Na ce, "Gwani ba ya jiran a sa shi."

Awa biyu ina dirza, har tulun ya koma kamar sabon kwanon amarya. Da suka dawo, na tsaya kusa da shi ina jiran yabo.

Madam ta dube shi, ta nemi kujera ta zauna. A hankali ta ce koren nan shi ne darajarsa, ya fi shekara ɗari yana taruwa. Maigida ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya haramta mini shiga falo har abada. Aikina dai ya tsira da ƙyar.

Mumuni ya kai labarin majalisarmu ta 'yan ci-rani a unguwar Al Asmakh. Har yau, duk dattijon da ya yi kukan tsufa, sai a nuna ni a ce, "Baba, ga mai maganinka. Awa biyu ka koma saurayi."